Peugeot 504 mai buɗaɗɗen sama: me ya sa tsohuwar mota ke kai kuɗin sabuwa?

Duk wanda ke leƙa shafukan tallar motoci na ƙasar Faransa, kamar Leboncoin ko jaridar mako-mako La Vie de l'Auto wadda ta keɓanta ga tsofaffin motoci, yakan ci karo da wata irin talla mai ɗaure kai. Mota ce Peugeot 504, ƙirar 1972 ko 1975, ta kai shekara hamsin a duniya, amma mai ita yana neman yuro dubu 30, wani lokaci ma fiye. Tunda yuro guda ya tsaya a kan sefa 655,957 cikin dubu, wato kusan sefa 656, kuɗin ya doshi miliyan 19 da jika 700. A ƙarƙashin hoton za a rubuta cewa an kula da ita sosai, ba ta taɓa kwana a waje ba, kuma takardun gyaranta duk suna nan.

Ga mutumin Maraɗi ko Damagaram, wannan magana tamkar ba'a ce. Mu 504 muka sani a tasha, an ɗaura mata buhunan gero da akuya a bisa, an cusa fasinja har ƙofa ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. Da yawansu yau sun koma hannun masu sayen tsohon ƙarfe, ana auna su da kilo. To ta ina ƴar'uwarsu ta kai kuɗin gida?

Amsar ita ce suna ɗaya suke amsawa, amma ba mota ɗaya ba ce. Wadda ake tallar, Faransawa na kiranta 504 Cabriolet: ƙofa biyu, doguwar gaba, ba ta da rufin ƙarfe sai rumfar yadi mai kauri da ake naɗewa a kwantar a bayan kujeru. Kuma wanda ya ce "ai na san 504" rabin gaskiya ya faɗa. Ya san injinta da ƙafafunta. Jikinta, wanda a nan kuɗin yake, bai taɓa gani ba.

Asalinta

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 mai ƙofa huɗu a shekarar 1968, kuma ita aka zaɓa motar shekara ta nahiyar Turai a 1969. A watan Maris na 1969 ɗin, a baje kolin motoci na birnin Geneva da ke ƙasar Suwis, aka nuna wasu nau'i biyu na alfarma: Coupé mai rufin ƙarfe da Cabriolet mai rumfa. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana su, kamfanin da ya daɗe yana zana wa Ferrari jikin motocinta. Bai tsaya ga zane ba, shi ne ma ke ƙera jikin a masana'antarsa da ke kusa da birnin Turin, sannan a haɗa shi da kayan injin Peugeot na Sochaux, a gabashin Faransa. Wannan kai-komo tsakanin ƙasashe biyu na cikin abin da ya sa tun tana sabuwa ta fi mai ƙofa huɗu tsada nesa ba kusa ba.

An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, daga mita 2,74 zuwa mita 2,55. Abin da ya fi muhimmanci ga mai saye shi ne babu falle ɗaya na jikinta da ya dace da na 504 ɗin da muka saba. Ƙofa daban, murfin injin daban, fitilu daban, gilashin gaba daban. Duk tarin gawarwakin 504 da ke garejojin Yamai ba za su ba ka ko marfin but guda da zai zauna a kanta ba.

Injin farko mai silinda huɗu ne, lita 1,8, daga baya aka ɗaga shi zuwa lita 2 a 1970. Ba da karbirato yake shan mai ba, wani famfo ne na kamfanin Kugelfischer na Jamus ke auna man yana fesa wa kowace silinda nata rabo. A ƙarshen 1974 aka sa mata injin V6 mai lita 2,7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kai suka ƙera, shi ya sa ake kiransa PRV. Lokacin bai yi masa kyau ba. Rikicin man fetur na 1973 bai daɗe da faruwa ba, farashi ya tashi, ga shi injin akwai shan mai. A 1977 aka janye V6 daga mai rumfa aka mayar da mai silinda huɗu, har aka daina ƙera ta a 1983.

A cikin waɗannan shekaru goma sha huɗu, Cabriolet ɗin da aka ƙera kaɗan suka haura dubu takwas, masu V6 a cikinsu kuwa ba su kai dubu ɗaya ba. Ka kwatanta da 504 baki ɗaya, wadda aka ƙera sama da miliyan uku, har da waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 zuwa tsakiyar shekarun 2000. Daga cikin dubu takwas ɗin, tsatsa da hatsari sun ci rabonsu. Abin da ya rage shi masu kuɗi ke ribibi.

Akwai kuma suna. A 1975 motocin 504 suka ci gasar tseren Safari ta Kenya da ta Maroko da ta Bandama a Kwaddibuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama a cikin Coupé mai V6. Ita Cabriolet ba ta taɓa shiga ƙura irin wannan ba, motar yawon shan iska ce a bakin teku, amma tana cin albarkacin sunan gidansu. Dattawan Agadas da Arlit kuma suna tune da samarin Turawa da a shekarun 1970 da 1980 ke koro tsofaffin 504 ta Aljeriya, su bi Tamanrasset da Asamaka, su sayar a nan su koma gida a jirgi. Masu ƙofa huɗu da dogaye masu ɗaukar iyali suke kawowa, don su ake nema. Mai rumfa ba ta da kasuwa a wurinmu a lokacin, shi ya sa ba mu san ta ba.

Yadda ake karanta tallar

Masu sayar da irin waɗannan motoci suna da nasu yare, kuma wanda ya yi karatun faransanci ma yana iya faɗawa rami in bai saba ba. In aka rubuta dans son jus, ana nufin motar tana yadda take tun asali, ba a sake mata fenti ba, ba a taɓa kujeru ba. Yana iya zama yabo, yana iya zama hanyar cewa ta gaji cikin ladabi. Sortie de grange na nufin an jawo ta daga rumbu ko wani ɗaki bayan ta shekara da shekaru a ajiye, wato kada ka sa ran za ta tashi. À restaurer gargaɗi ne a fili: kuɗin gyara na iya fin kuɗin saye. État concours kuma shi ne ƙoli, motar da za a iya kai wa gasar nuna tsofaffin motoci alƙalai su duba har ƙusa.

Kalmar da ta fi yawa kuma ta fi sauƙin rubutawa ita ce très bien entretenue, an kula da ita sosai. Kowa na iya rubuta wannan. Abin da ke ba ta nauyi shi ne jakar takardu: littafin kula da mota na asali mai hatimin gareji, faktir na kowane gyara da kwanan wata da adadin kilomita, tsofaffin takardun binciken lafiyar mota, da hotunan da aka ɗauka lokacin da aka kwance ta in an taɓa sabunta jikinta. Mota biyu masu kama ɗaya a ido, ɗaya da wannan jaka ɗaya babu, tazarar kuɗinsu na iya kai miliyoyin sefa.

Dalili ɗaya shi ne kwantar. Kamar yawancin motocin wancan zamani, ma'aunin kilomitarta lamba biyar gare shi. In ta kai 99.999 sai ya koma sifiri. Saboda haka in ka ga 62.000 a rubuce, yana iya zama 62.000, yana iya zama 162.000 ko 262.000. Jerin faktir ne kawai, shekara bayan shekara, zai gaya maka sau nawa ya zagayo. Mu nan da ba mu saba karɓar takarda daga hannun makanike ba, balle mu adana ta shekara talatin, abin na iya zama mana kamar ƙaƙale. A can shi ne shaidar da ake ciniki a kanta.

Dokar Faransa ta ɗora wa mai sayarwa wasu takardu dole. Sai ya ba da takardar binciken lafiyar mota, contrôle technique, wadda ba ta kai wata shida ba, da takardar shaidar cewa ba a jinginar da motar ba kuma babu wata hukuma da ta hana sayar da ita, wadda ba ta wuce kwana goma sha biyar ba. Sau da yawa za a ga an ƙara da cewa motar na da kart giriz ta collection. Ana ba da ita ga motar da ta haura shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata siffa ba, bayan an samo shaida daga kamfanin da ya ƙera ta ko daga ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Faransa, FFVE. Amfaninta shi ne ana kai motar bincike duk shekara biyar maimakon duk shekara biyu. Sai dai wannan takarda shaidar tsufa da asali ce, ba shaidar lafiya ba. Mota na iya riƙe da ita alhali ƙasanta ya ruɓe.

Tsatsa

Nan ne maganar take. Injin 504 mai silinda huɗu ya yi suna wajen jimiri, kuma kayansa da yawa ana samu har yanzu. Jikin da aka ƙera a Italiya a waɗancan shekaru kuwa bai samu kariya mai kyau daga ruwa ba. A Turai, lokacin sanyi ana watsa gishiri a kan hanya don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana fantsama cikin lungunan ƙasan mota ya kwanta, ya ci ƙarfen daga ciki zuwa waje. Kafin a ga kumburi a fenti, aikin gama ya gama. Shi ya sa masu talla ke alfahari da cewa motarsu a kudancin Faransa ta yi rayuwarta, inda ƙanƙara ba ta cika sauka ba.

Ga mota mai rumfa lamarin ya fi muni. Motar da ke da rufin ƙarfe kamar akwati ce rufaffe, rufin na taimakawa wajen riƙe gaba da baya. In aka cire shi, nauyin duka ya koma kan daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. In waɗannan suka ci tsatsa, motar na lanƙwasawa a tsakiya. Akwai gwaji mai sauƙi da masana ke yi: a ɗaga motar da jak ta gefe ɗaya, a buɗe ƙofa a rufe. In ta maƙale, ko ratar da ke tsakaninta da jiki ta sauya, to ƙashin bayan ya yi rauni. Ga kuma rumfar da kanta. In ta tsufa tana yoyo, ruwan sama ya jiƙa darduman ƙasa, ya zauna a ƙarƙashinsu wata da watanni. Dole ne a ɗaga darduma a duba daɓe, a duba ƙasan but, da kewayen fitilun gaba, da gindin gilashi, da bakin ramin tayoyi.

Fenti mai ƙyalli ba hujja ba ne, wani lokaci ma shi ne abin tuhuma. Duk tolye a Yamai ya san yadda ake cike rami da mastik a goge a fesa, har mai motar ya kasa gane wurin. Turawa ma sun iya. Ɗan ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana tona asiri: inda ƙarfe yake zai kama, inda mastik ya yi kauri zai sulale. Masu binciken ƙwararru suna da wata na'ura da ke auna kaurin fenti, ita ma aikinta ke nan. In kuwa aka tabbatar sai an sake ƙarafan ƙasa da gefuna, to a sani ba a shiga kanti a sayo su kamar na sabuwar mota. Wasu sassan ana sake ƙera su kaɗan-kaɗan don masu tarawa, wasu sai an yanka falle an buga da hannu, kuma ladan sa'a ɗaya ta maƙerin jikin mota a Faransa ya fi abin da lebura ke samu a mako guda a nan. Wannan shi ne dalilin da mai lafiyayyen jiki ke tsada, kuma mai araha kan zama ita ce mafi tsada daga baya.

Sai famfon Kugelfischer. In yana lafiya, motar na tashi da bugu ɗaya kuma tana tafiya lami lafiya. In ya lalace, masu iya daidaita shi ƙalilan ne ko a Turai, kuma suna buƙatar benci na musamman. Abin da ya fi cutar da shi shi ne zama. Motar da aka ajiye shekara biyar ba a tayar ba, man da ke cikinta yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, cikin tanki ya yi tsatsa, robobi su bushe, man birki ya sha danshi. Don haka ƙarancin kilomita ba kullum ba ne abin murna. Wadda mai ita ke fita da ita duk ƙarshen mako ta fi wadda aka lulluɓe aka manta. Ko tayoyi sai an duba: suna iya zama da zanensu cif alhali sun tsufa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Kamfanin Michelin da kansa na ba da shawarar a sauya taya in ta kai shekara goma.

Tunda mai V6 ta fi tsada saboda ƙarancinta, akwai abin dubawa na ƙarshe: shin da V6 aka haife ta, ko daga baya aka dasa mata? Lambar da aka buga a jikin motar da farantin kamfani su ne za a kwatanta da kart giriz. Ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai kula da gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a Sochaux a 1988, tana ba da takardar da ke nuna yadda mota ta fito daga masana'anta. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushi in an nemi wannan.

In ɗan Nijar ne ke so

Ba abin mamaki ba ne a samu alhajin da mahaifinsa ya yi arziki da 504, shi kuma yana son ya ajiye mafi kyawunta a gidansa. Sha'awa ce mai dalili. Amma akwai lissafin da ya kamata a yi tun kafin kuɗi su fita.

Na farko, ganin motar. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairun 2024, zuwa can ya ƙara wuya ga ɗan ƙasa. Saye daga nesa, da hoto da bidiyo a waya, shi ne kasuwar da ƴan damfara suka fi so. Salonsu sananne ne: su kwashi hotunan motar wani, su sa farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, su ce mutane da yawa na layi, a turo kafin alƙalami yau-yau. Da kuɗin sun shiga, lambar wayar ta mutu. In ba za ka iya zuwa ba, a Faransa akwai ƙwararrun masu binciken mota masu zaman kansu, expert automobile, da ake biya su je su ɗaga mota su rubuta rahoto. Kuɗinsu ƙanƙane ne in aka gwada da miliyan ashirin. Ɗan'uwa da ke zaune a can yana iya tabbatar da cewa motar da mai ita suna nan da gaske, amma in ba sana'arsa ba ce, fenti zai gani ya yaba. Dokar Faransa ta ba mai saye damar kai ƙara kan ɓoyayyen aibi cikin shekara biyu daga ranar da ya gano shi. Sai dai a tambayi kai yadda mutum zai bi shari'a a kotun Lyon alhali motar tana Tawa.

Na biyu, hanya. Mota mai rumfar yadi ba a barin ta a filin tashar jirgin ruwa kamar sauran na hannu. Cikin kwantena ya kamata ta zo, da inshora. Tun bayan rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo kuma kuɗin dako ya ƙaru. Sai kuɗin duwan da na sabuwar kart giriz, waɗanda ya kamata a zauna da turanziter a san adadinsu tun motar tana can. Ita kart giriz ta collection kuwa, gatanta ya ƙare a bakin iyakar Faransa.

Na uku, ƙasarmu. Ta fuska ɗaya Nijar alheri ce ga irin wannan mota: iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, kuma ba ma watsa gishiri a gudro. Abin da ke kashe ta a Turai ba shi da ƙarfi a nan. Amma muna da namu. Ranar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana fasa allon gaban direba, ta busar da kujeru, ta mayar da tagar roba ta bayan rumfa rawaya har ba a ganin baya. Ƙurar hunturu na shiga ta ko'ina, don rumfa ba ta rufe ruf kamar ƙarfe. Yawancinsu ba su da kilim, don ba a yi su don Sahel ba. In aka buɗe sama da tsakar rana a Damagaram, ba shan iska ba ne, gashi ne. Lokacinta a nan bai wuce yammacin watannin Nuwamba zuwa Fabrairu ba, ko bayan an ɗauke ruwa da damina. Ga ta kuma ƙasa-ƙasa, kuma ƙafafun bayanta ba irin na doguwar 504 ta tasha ba ne mai sandar ƙarfe guda da ke jure lodi da gargada. Wanda ya ce zai bi da ita hanyar Dakoro da gudu, zai ji a aljihunsa.

Man da za a zuba mata ma abin lura ne. An ƙera injin a zamanin da ake haɗa fetur da dalma, abin da Faransa ta haramta tun farkon shekarar 2000, kuma yanzu babu ƙasar da ke sayar da shi ga motoci. Masu irin waɗannan motoci a can wasunsu na ƙara wani sinadari a tanki a madadinsa. A nan babbar barazanar ita ce datti. Man ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya, wanda kabu-kabu ke sha ba ya ko tari, yana iya zuwa da yashi ko ruwa, kuma famfon Kugelfischer ba ya yafe wannan. Sai gidan mai, sai kuma sauya matatar mai a kan kari.

Akwai wani saɓani da ya fi waɗannan duka zurfi, tsakanin yadda muke gyara da yadda masu tarawa ke gyara. Makanikenmu gwani ne wajen hana mota mutuwa. In famfo ya ƙi, zai cire shi ya ɗora karbirato na wata 504, motar ta tashi a ranar. In fitila ta fashe, zai yanka wurin ya dasa ta Toyota. In injin ya gaji, akwai mai shan gazuwal a bayan gareji. Wannan basira ce ta riƙe sufurin ƙasar nan shekara arba'in, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Amma a kasuwar tsofaffin motocin alfarma, kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare asarar miliyoyi ne, don abin da ake biya shi ne kasancewarta yadda ta fito daga Turin da Sochaux. Wanda ya kawo ta nan sai ya samu makanike mai haƙuri wanda zai yarda ya jira kaya daga Faransa mako uku, kuma ya yarda duk abin da ya cire, ko ya lalace, a sa a kwali a ajiye.

Wanda ke tunanin saye don riba kuma ya san cewa masu sayenta suna Turai. A can ake baje kolin Rétromobile na birnin Paris duk farkon shekara tun 1976, a can gidajen gwanjo irin su Artcurial ke buga guduma, a can ƙungiyoyin masu 504 Coupé da Cabriolet suke. In ranar sayarwa ta zo, sai motar ta sake shiga kwantena ta koma inda ta fito, a sake biyan dako da haraji, kuma mai saye na farko da zai zo zai nemi jakar takardun nan, har da faktir na shekarun da ta yi a Nijar.